Kama da Wane Ba Ta Wane: Tarihin Cutar Yara da Ke Fakewa Bayan Ƙyanda da Nimoniya

A watan Mayun 1853 Heinrich Barth, Bajamushen matafiyin nan da ya ratsa ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya sauka Gwandu a zamanin Sarki Halilu. Cikin 'yan kwanakin da ya yi a garin aka ara masa wani kundi na Larabci mai ɗauke da tarihin daular Songhai da birnin Tambutu. Ya duƙufa ya kwafi abin da ya samu hali, ya aika Turai da bayanin cewa Ahmad Baba ne marubucinsa. Littafin shi ne Tarikh al-Sudan, kuma sai a ƙarshen ƙarnin nan aka tabbatar cewa Abdurrahman al-Sa'adi ne ya rubuta shi. Barth ya tsinci abu na gaske, ya laƙaba masa sunan da ya fi kusa da hannu. Kuskuren ya yi shekara arba'in da 'yan kai yana yawo, amma bai ci ran kowa ba, don littafi yana iya jira a gyara masa suna.

Yaro marar lafiya ba ya da wannan sararin. Akwai wata cuta ta ƙananan yara da ke kumbura jijiyoyin jini, musamman waɗanda ke shayar da tsokar zuciya, wadda kwana goma kacal take ba likita ya gane ta kafin ɓarna ta yi nisa. Sunanta cutar Kawasaki. Tana zuwa da zazzaɓi da jan ido da ƙuraje, wani lokaci har da tari da tabo a hoton ƙirji, wato da kayan ƙyanda da na nimoniya, cututtuka biyu da kowace uwa a Gwandu da Kalgo ta san su farin sani. Tarihinta tarihin suna ne: yadda ta shekara aru-aru ana kiran ta da sunan wasu, da yadda wani likita ya ƙi yarda da sunan da aka ba ta.

Zuciyar da aka ajiye a Landan

A 1871 wani likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan, Samuel Gee, ya buga gajeren rahoto a kan yaro ɗan shekara 7 da ya rasu a asibitin. Abin da aka rubuta ya kashe shi shi ne zazzaɓin sikalet, wani zazzaɓi mai jan ƙuraje, tare da nimoniya da sanƙarau. Da aka binciki gawar sai aka tarar jijiyoyin zuciyarsa sun kumbura a wuri uku, jini ya daskare a ciki. Gee ya bayyana abin da ya gani, aka adana zuciyar a ɗakin ajiyar asibitin, magana ta mutu. Bayan shekara ɗari masu bincike suka waiwayi rahoton, da yawansu suka ce wannan cutar Kawasaki ce tun ba ta da suna. A lura cewa tun a wannan rubutu na farko-farko, nimoniya tana cikin sunayen da aka lulluɓe ta da su.

A watan Janairun 1961 aka kawo wani yaro ɗan shekara 4 asibitin Red Cross da ke Tokiyo, wurin wani likitan yara mai suna Tomisaku Kawasaki. Yaron ya daɗe da zazzaɓi, idanunsa sun yi jawur, leɓɓansa sun tsattsage, harshensa ya yi ja, jikinsa ya feso da ƙuraje, daga baya fatar yatsunsa ta riƙa saɓewa. An ba shi fenisilin bai ji ba. Abokan aikin Kawasaki suka ce sikalet ce marar ƙarfi. Shi kuwa ya sallami yaron da rubutun cewa ba a gano cutar ba. Waɗanda suka yi aiki da shi suna ba da labarin cewa ya buɗe wani fayil ya yi masa laƙabi da haruffa uku na Ingilishi, GOK, ma'ana Allah kaɗai ya sani. Duk wanda ya taɓa buɗe rubutun malaman Gwandu ya saba da wannan ladabi, don da "Allahu a'alam" suke rufe mas'ala mai wuya. Abin da Kawasaki ya ƙara a kai shi ne bai rufe fayil ɗin ba. Bayan shekara guda yaro na biyu ya zo, ya saka takardarsa a ciki, haka na uku da na huɗu.

A 1967 ya buga bayanin yara 50 cikin harshen Japananci, da zanen da ya yi da hannunsa na inda ƙuraje suka fito da yadda fata ta saɓe. Amma shi ma ya yi nasa kuskuren. Ya ɗauka cutar tana warkewa da kanta ba ta barin komai. Wani masanin binciken gawa, Noboru Tanaka, ya saɓa masa, domin a 1965 ya binciki gawar wani yaro da Kawasaki ya taɓa dubawa, wanda ya faɗi ya mutu bagatatan, ya tarar jini ya toshe jijiyar zuciyarsa. Gardama ta ci gaba har 1970, lokacin da aka yi ƙidayar farko a faɗin Japan aka gano yara 10 da suka mutu farat ɗaya bayan an ɗauka sun warke. Tanaka ne ke da gaskiya. A daidai wannan zamani wasu likitoci biyu mata a Hawai, Marian Melish da Raquel Hicks, suna ganin irin yaran nan ba tare da sanin aikin Tokiyo ba. Rahoton Kawasaki na Ingilishi ya fito a 1974, nasu ya biyo baya a 1976, duniya ta farga.

Abin da ke faruwa a jijiya

Har yau masana ba su tsayar da musabbabin cutar ba. Abin da aka fi rinjaya a kai shi ne wani abu da yaro ya shaƙa, wataƙila ƙwayar cuta, yana tunzura garkuwar jikin yaran da suka gaji wani shiri na musamman, sai garkuwar ta juya ta afka wa bangon jijiyoyin jini. Ba a ɗaukar ta daga yaro zuwa yaro kamar ƙyanda. Kusan kashi 80 cikin ɗari na masu kamuwa ba su kai shekara 5 ba, maza sun ɗara mata. Japan ce ta fi kowa yawanta, inda ta yi annoba uku a 1979 da 1982 da 1986, amma an same ta a kowace nahiya da kowane jinsi.

Jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar ƙaramin yaro ba su fi tsinken tsintsiya kauri ba. Idan kumburi ya cinye bangonsu sai ya yi laushi ya bultso, kamar tiyub ɗin keke da ya yi ciki. Jini yana tafiya a hankali a wannan aljihu, yana iya daskarewa ya toshe hanya. Cikin yara huɗu da ba a yi wa magani ba, kusan ɗaya yana samun wannan lahani. Zazzaɓin yakan sauka da kansa bayan mako biyu ko kusa da haka, iyaye su yi hamdala, alhali ɓarnar tana ciki. Wani ta bayyana bayan wata guda, wani sai ya zama saurayi zuciyarsa ta buga a filin ƙwallo.

Magani ya zo a 1984, lokacin da Kenshi Furusho da abokansa a Japan suka nuna amfanin imunogulobulin, wato sinadarin garkuwa da ake tacewa daga jinin dubban mutane a ɗura wa yaro ta jijiya. Binciken da Jane Newburger ta jagoranta a Amurka ya tabbatar da haka a 1986, sannan a 1991 aka tsayar da ƙa'idar da ake bi har yau: giram 2 ga kowane kilo na nauyin yaro, a ɗura lokaci guda, tare da asfirin a ƙarƙashin kulawar likita. Idan aka yi haka cikin kwana goman farko na zazzaɓi, haɗarin ya sauko daga kashi 25 cikin ɗari zuwa wajen kashi 4.

Ƙirga numfashi

Tarihin nimoniyar yara ya bi wata hanya dabam, kuma arewacin Nijeriya yana cikinsa. Brian Greenwood ya shafe shekarun 1970 a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana nazarin sanƙarau da ƙwayar nimokokus, babbar mai haddasa nimoniya, kafin ya koma Gambiya. A farkon shekarun 1980 Frank Shann, yana aiki a Goroka ta ƙasar Papuwa Niu Gini, ya nuna cewa ma'aikacin da ba shi da na'urar hoto yana iya gane yaron da ke buƙatar magani ta hanyar ƙirga numfashinsa da duban faɗawar ƙasan haƙarƙarinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki wannan ta gina ƙa'ida a kai: numfashi 60 a minti ga jaririn da bai kai wata 2 ba, 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Wanda ya kai haka ana ba shi amoksisilin. A tsakiyar shekarun 1990 aka haɗa wannan da dokokin zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ƙyanda da tamowa cikin jadawali guda, wanda ma'aikatan ƙananan asibitoci suka sani da IMCI.

Rigakafi ya biyo baya. Gwajin da aka yi a gabashin Gambiya, wanda aka buga a 2005, ya nuna allurar nimokokus ta rage nimoniyar da ake gani a hoto da kashi 37 cikin ɗari, ta rage mutuwar yara gaba ɗaya da kashi 16. Nijeriya ta shigar da allurar fenta a 2012, ta fara ba da ta nimokokus a Disambar 2014, jiha-jiha. Duk da haka UNICEF ta ƙiyasta cewa nimoniya ta kashe yara 162,000 'yan ƙasa da shekara 5 a Nijeriya a 2018, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Binciken lafiya na ƙasa na wannan shekarar ya nuna Kebbi ce kan gaba a mutuwar yara, 252 cikin kowane 1,000 ba sa kai shekara 5. Ɗaya cikin huɗu ke nan.

Saboda haka ma'aikacin lafiya a wani ƙauyen Gwandu da ya ga yaro da tari da saurin numfashi cikin hunturu ya ce nimoniya, kusan kullum ya yi daidai. Wanda ya ga jan ido da ƙuraje a bazara ya ce baƙon dauro, shi ma haka. Jadawalin nan ya ceci rayukan da ba su ƙirguwa, kuma an gina shi ne don ya kama masu kisa da yawa. Sai dai kowace koma tana da girman idonta.

Inda cututtukan suka haɗu

Ga yadda jadawalin ya bayyana ƙyanda: zazzaɓi, da ƙuraje a duk jiki, da ɗaya daga cikin tari ko majina ko jan ido. Yaro mai cutar Kawasaki ya cika wannan sharaɗi tsaf. Idan kuma tari ya fi yawa, numfashi ya yi sauri, ya shiga layin nimoniya. Wannan ba zato ba ne. Wani nazari a Japan a 1989 ya sami tabo a hoton ƙirjin kusan kashi 15 cikin ɗari na yara masu cutar, domin kumburin yana taɓa jijiyoyin huhu ma, har ruwa ya taru a gefensa. A 2003 likitoci a Isra'ila suka ba da rahoton yaran da aka yi ta yi wa maganin nimoniya ba ta tafi ba, ashe Kawasaki ce. A Chandigarh ta Indiya, inda Surjit Singh ya fara tara bayanan cutar tun shekarun 1990, an sami wajen biyu cikin ɗari na yaransu da huhu cutar ta fara bayyana, kuma irin waɗannan su ne aka fi makara wajen ganewa.

Yanzu a yi lissafin kwana. A ɗauka wata uwa ce a wata ruga tsakanin Kalgo da Bunza. Zazzaɓi ya kama ɗanta, ta yi kwana biyu tana ba shi farasitamol da jiƙo. Rana ta uku aka je kemis aka karɓo maganin maleriya. Rana ta biyar aka kai shi ƙaramin asibiti, aka ƙirga numfashi, aka ba da amoksisilin, aka ce ta dawo bayan kwana uku. Ranar dawowa ita ce ta takwas. Jadawalin ya ce a tura yaron gaba idan zazzaɓi ya wuce kwana bakwai kullum, sai aka rubuta takardar Birnin Kebbi. Maigida ya nemo kuɗin mota, ta tara ke nan. A babban asibiti abu na farko da hankali zai kawo shi ne a sauya antibayotik zuwa mai ƙarfi a jira kwana biyu. Babu wanda ya yi sakaci a wannan labari, kowa ya bi ƙa'ida, amma kwana goma sun ƙare.

Alhali akwai alamun da ke raba su, kuma ba sa buƙatar na'ura. Idon mai ƙyanda yana kwantsa da hawaye, na mai Kawasaki ja ne busasshe. Ƙyanda tana farawa da majina da tari, ƙurajenta su ɓullo daga bayan kunne su gangaro, zazzaɓin ya lafa bayan 'yan kwanaki da fitowarsu, kuma da wuya a rasa wani yaron a unguwa da irinta. A Kawasaki leɓe yana tsagewa, harshe ya yi jawur, tafin hannu da na ƙafa su kumbura har yaro ya ƙi taka ƙasa, kaluluwa ta fito a gefe guda na wuya, yaron ya yi ta rigimar da ba ta jin lallashi. A mako na biyu ko na uku fata ta fara saɓewa daga bakin farce. Akwai kuma wata alama da ta dace da mu ƙwarai: tabon allurar BCG da ake yi wa jarirai a dantse yakan yi ja ya kumbura. Zazzaɓin kwana biyar da ya ƙi jin maganin maleriya da antibayotik, tare da huɗu daga cikin manyan alamun, ya isa likita ya kira sunan. Jarirai 'yan ƙasa da shekara guda sukan zo da alamu biyu ko uku kawai, kuma su ne zuciyarsu ta fi shiga haɗari.

Me ya sa ba a jin ta a nan

Rahotannin cutar da aka buga daga Nijeriya ɗaiɗaiku ne, daga asibitocin koyarwa irin na Sakkwato da Legas. Ana iya karanta wannan a ce cutar ba ta damu da mu ba. Tarihin Indiya ya sa a yi hattara da wannan karatu. Can ma an daɗe ana cewa cutar Japanawa ce, sai da rigakafi ya rage ƙyanda, likitoci suka fara tambayar me ya sa yaron da aka yi wa allura yake zuwa da jan ido da ƙuraje, sannan adadin ya fara hawa a littattafan asibiti. A ƙasashe masu arziki Kawasaki ta zama babbar hanyar da yaro ke samun ciwon zuciya bayan haihuwa ne bayan da ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro ya ja baya. Mu har yanzu wancan yana nan. Babbar cuta tana rufe ƙarama kamar yadda hasken rana ke ɓoye tauraro.

Shekarar 2020 ta ƙara fito da batun. A watan Afrilu likitocin Ingila, sannan na Bergamo a Italiya, suka ba da labarin yaran da ke zuwa da wani kumburi mai kama da Kawasaki makonni bayan korona. A wannan lokaci cibiyar lafiya ta Kalgo ce wurin killace masu korona na jihar Kebbi. Cikin wannan Afrilun Takuo Aoyagi ya rasu, injiniyan Japan da ya ƙirƙiro 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa don auna iskar oksijin a jini, wadda a yau ita ce ke nuna wane mai nimoniya ne ke bakin mutuwa. Ranar 5 ga Yuni Kawasaki ya bi shi, yana da shekara 95.

Abin da ya rage a hannunmu

Mai adalci zai yi tambaya: a jihar da binciken 2018 ya nuna ɗaya cikin yara huɗu na mutuwa, ina hikimar damuwa da cutar da ba ta da yawa, wadda maganinta daga waje ake shigo da shi da tsadar da ta fi ƙarfin manomi? Tambayar tana da nauyi. Idan naira ɗaya ce a hannu, wurinta rigakafin ƙyanda da nimokokus, da amoksisilin, da oksijin. Amma abin da gane Kawasaki ke buƙata a matakin farko ba kuɗi ba ne. Ma'aikaci ya tambayi uwa ranar da zazzaɓi ya fara, ya rubuta kwanan a kati, ya ƙirga daga nan maimakon daga ranar da ya fara ganin yaron. Idan yaro ya dawo bai ji sauƙi ba, a tuɓe masa riga a duba ido da baki da hannu da dantse kafin a sauya magani. Wannan ɗabi'a ita ce kuma za ta kama tarin fuka da taifot da ruwan da ya taru a ƙirji, waɗanda su ma suke fakewa bayan nimoniyar da ta ƙi ji. Ko an makara, sanin sunan yana da amfani, domin yaron da aka yi wa hoton zuciya na eko aka ga jijiyarsa ta kumbura ana iya kare shi daga daskarewar jini shekara da shekaru. Iyaye dai kada su sayi asfirin a kemis su ba yaro da kansu, don yana da haɗari ga mai mura ko ƙarambau.

Imunogulobulin yana cikin jerin muhimman magungunan yara na Hukumar Lafiya ta Duniya, an ambaci Kawasaki a gefensa. Birnin Kebbi tana da asibitin koyarwa na tarayya da asibitin tunawa da Sir Yahaya, Sarkin Gwandu daga 1938 zuwa 1954, ga kuma cibiyar Kalgo a kudu da ita. Ba kowane ne zai ajiye maganin ba, amma wuri guda a jiha da kowa ya san lambarsa zai wadatar, kuma wannan shawara ce da ma'aikatar lafiya ke iya yankewa a zama ɗaya.

Sauran aikin na alƙalami ne, kuma ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a Gwandu a 1829, ya rubuta Masalih al-Insan a kan maslahar addini da ta jiki, Muhammadu Bello kuma ya bar risaloli a kan basur da ciwon ido da amfanin filasko. Sun ɗauki lafiyar jiki abin da ya cancanci tawada. Kawasaki bai mallaki na'urar da ta fi ta abokansa ba a 1961. Ya dai ƙi rubuta sunan da bai gamsu da shi ba, ya ajiye takardar inda zai same ta. Likita ko ma'aikaciyar jinya a Gwandu ko Kalgo da ta sallami yaron da aka ce ƙyanda ce alhali an yi masa allura, ko nimoniya ce alhali ta ƙi magani, tana iya buɗe littafi na naira ɗari biyar ta rubuta shekarunsa da kwanakin zazzaɓinsa da abin da ta gani a idonsa da yatsunsa, ta nemi a dawo da shi bayan mako biyu ta duba farcensa.